Na kashe tsirrai uku a akwatin kifi, wanne ne zai jure ɗaki mai duhu?

Baban Ilham, Gwale

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shagona yana Fagge, gida kuma a cikin gari. Duk wanda ya san gidajen cikin badala ya san irin ɗakunanmu: taga ɗaya 'yar mitsitsiya, ita ma katangar maƙwabci take kallo, tsakaninmu lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa. Ko da azahar allura ta faɗi a falon nan sai na haska fitilar waya kafin in gan ta.

Bayan ƙaramar Sallah na sayo akwatin kifi na gilashi. Ba don kaina ba, 'yata Ilham ce ta gani a gidan ƙanwar mamanta, ta hana mu sakat har sai da na kawo. Na auna shi da tef ɗina, tsawo inci 24, faɗi 12, tsayi 12. Jarka biyu ta 'yan garuwa yake sha da ɗan ƙari. A ciki akwai ƙananan kifin ado, gupi shida da baƙaƙen moli biyu, da ɗan injin iska mai fitar da kumfa. Fitilar da ke kansa wata ƙaramar LED ce mai caji, irin wadda nake ɗinkin dare da ita. Kifin dai alhamdulillahi, har gupi ɗaya ta haihu.

Tsirrai ne suka gagare ni. Wani bawan Allah da ke kawo kayan kifi daga Legas ya sayar mini da guda uku, kuɗin da na ba shi ya isa in yanko yadi mai kyau. Na farko kamar ƙaramar gora yake, kore, mai gaɓa-gaɓa. Na nutsar da shi gaba ɗaya har ganye. Sati biyu ganyen ya yi ɗorawa, ya narke, ruwan ya fara ɗan warin kwata. Na biyu ciyawa ce siririya mai farin layi a gefe, ita ma haka ta bi sahu. Na ukun shi ya fi ba ni haushi, don shi ya fi tsada kuma ya fi kyau: ganye mai kauri, kore shar kamar na lemo, a gindinsa akwai wani abu a kwance kamar ɗanyar citta. Na tona tsakuwa na binne shi sosai na danna, yadda ake dashen tumatir. Bayan kwana ashirin sai na ga ganyen yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya yana yawo a saman ruwa, da korensa da komai. Da na tono gindin, ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, ɗan guntu ne kawai a ƙarshensa ya rage da tauri, da ganye biyu.

Na kira mutumin, ya ce rashin rana ne. Na kinkimi akwatin ni da ƙanena muka kai tsakar gida inda hantsi ke dukansa. Kwana biyar ruwan ya koma kamar miyar kuka, ba ka ganin kifi sai ya zo jikin gilashi, ga shi ka sa hannu ka ji ɗumi. Moli ɗaya ya mutu. Muka mayar da shi falo.

Yanzu uwargida ta ce in sayo na roba a huta. Ni kuma raina bai so ba. Masu sani, don Allah wane tsiro ne zai rayu a irin wannan ɗaki, da irin wutar da muke samu, wadda yau ta zo da asuba gobe ta zo ƙarfe biyun dare? Kuma guntun nan da ya rage, in jefar ko akwai fata?

Ɗan Kurna

Wa'alaikumus salam. Maigida, maganar Hajiya ita ce magana, na roba ba ya mutuwa ba ya neman taki, ka wanke da soso ka mayar. In kuwa dole sai mai rai, me ya kai ka Legas? Kainuwa dashen Allah ga ta nan fal a kududdufai, ba ko sisi. Ka aiki yaro da bokiti.

Malam Mai Alli, Rijiyar Zaki

Baban Ilham, Allah ya raya Ilham. Kada ka jefar da guntun nan, shi ne ma abu mafi daraja a cikin abin da aka sayar maka. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma shekara bakwai ke nan ina da akwatuna biyu a gida, ɗaya daga ciki a zaure yake, wanda bai fi falonka haske ba.

Biyun farko ba laifinka ba ne, ba tsirran cikin ruwa ba ne tun asali. Mai kama da gorar nan Dracaena ne, wanda masu furanni ke sakawa a kwalba a ɗora a tebur. Saiwarsa tana son ruwa, amma ganyensa sai a waje. Ka nutsar da shi, ya ruɓe. Ciyawar mai farin layi ma ta tudu ce. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, idan ka ɗaga tsiro daga ruwa ka ga ya tsaya ƙyam kamar na cikin tukunyar fure, ga ganye mai zane fari, to ka yi tambaya sosai kafin ka biya.

Na ukun, yadda ka siffanta shi, Anubias ne, kuma shi ne amsar tambayarka. Ba rashin rana ya kashe shi ba, binnewar ce. Abin nan mai kama da citta ba saiwa ba ce, karan tsiron ne yake tafiya a kwance, ganye na fita ta sama, saiwoyi sirara ta ƙasa. Yana buƙatar ruwa ya riƙa ratsa shi. Ka rufe shi da tsakuwa, sai ya shaƙe ya ruɓe, ganyen da ke kansa su rasa mariƙa, shi ya sa ka gan su suna yawo da korensu.

Abin da zai ba ka mamaki, tsiron nan ɗan gida ne. Asalinsa ƙoramun cikin kurmi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya: kudu maso gabashin Najeriya, Kamaru, har tsibirin Bioko. A can yana manne ne a jikin duwatsu da kututture a bakin ruwa, ƙarƙashin manyan bishiyoyi, inda rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo. Wanda aka fi sayarwa sunansa Anubias barteri, an sa masa sunan wani Bature mai tattara tsirrai, Charles Barter, wanda ya biyo ayarin Dokta Baikie a kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba ta ƙasar Nupe a 1859. Shi Baikien nan har Kano ya tako a 1862. To ka ga, namu ne aka kwasa aka kai Turai da Asiya aka yi ta renonsa a gidajen gona, yau ake dawo mana da shi a leda da tsada. Ɗan ƙaramin nau'insa da ake ce wa nana, na Kamaru, shi ya fi dacewa da akwati mai ƙafa biyu irin naka.

Ka ɗauko guntun, ka sa sabuwar reza ka yanke duk inda ya yi laushi har sai ka tarar da wuri mai tauri, mai fari-kore a ciki. Ka sansana, idan babu wari to da rai. Sai ka ɗaure shi a jikin wani abu. Masu kuɗi suna sayen itacen da aka tanada don wannan, ni kuwa tsingaron tukunyar ƙasa nake amfani da shi, wadda aka gasa ba a shafa mata fenti ba. A wanke a tafasa, ya huce. Jikinta kaushi gare shi, saiwa na kama shi da sauri. Kai da zare ke hannunka ba sai an koya maka ɗauri ba, amma kada ka tsuke kamar kana ɗaure bakin buhu, a sassauta, don dai kada ya taso sama. Cikin wata biyu saiwar za ta riƙe da kanta. Wasu sufa-gulu suke ɗigawa kaɗan, shi ma ba ya cutar da kifi idan ya bushe, sai dai yana barin farin tabo.

Amma ka shirya haƙuri. Anubias ganye ɗaya yake fitarwa a sati uku ko wata guda. Wannan nawar tasa ita ce ta sa ba ya neman haske da yawa, ita ce kuma ta sa gansakuka ke hawa ganyensa idan haske ya yi yawa, don ganyen ya daɗe a wuri ɗaya.

Na biyu da zan ce ka nema shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira Java fern, na kudu maso gabashin Asiya. Dogon ganye gare shi kamar na mangwaro amma ya fi laushi. Dokarsa ɗaya da ta Anubias: ɗauri, ba binnewa ba. Ka sa shi a baya, Anubias a gaba.

Na uku, Ceratophyllum, mai kama da jelar kyanwa. Ba shi da saiwa sam, jefa shi kawai ake yi ya yi ta yawo. Shi mai saurin girma ne, kuma amfaninsa ke nan: kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama taki a cikin ruwa, idan babu mai shanye shi gansakuka ce za ta shanye. Wannan yana rige ta. Aibinsa, idan aka sauya masa ruwa farat ɗaya yakan zubar da 'yan ganyensa kamar allurai, sai ka yi ta tsincewa.

Maganar fitila. Tsirran nan ba ƙarfin haske suke nema ba, tsari suke nema. Awa shida zuwa takwas a kullum, a lokaci ɗaya, ya wadatar. Fitilarka mai caji za ta iya idan cajinta na kaiwa. Ka zaɓi lokacin da kuke gida, misali daga la'asar zuwa ƙarfe goma na dare, ka kashe. Kifi ma suna son duhu su huta. Kada don an kawo wuta ƙarfe biyun dare ka tashi ka kunna musu. In rana ɗaya ko biyu ta wuce babu fitila, Anubias ko a jikinsa. Tsakar gida kuwa kada ka sake, ka riga ka ga aya.

Maman Sadiq, Tarauni

Malam ya gama magana, Allah ya ƙara sani. Sai dai ni a ganina a Kano ba duhu ne babban abokin gaba ba, zafi ne. Duk abin da ake rubutawa kan tsirran nan cewa ake yi digiri 22 zuwa 28. Mu kuwa a Afrilu da Mayu waje yana haura 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuma ba a magana. Na sa ma'aunin zafi a nawa bara, da yamma na ga 33. A wancan satin na rasa gansakukar ado da ake kira Java moss gaba ɗaya, ta koma kamar tsohon soso. Don haka ko an ce maka tana jure duhu, gaskiya ne, amma ka bari sai damina ta kankama. Ƙwallon nan kore da ake kira marimo ma kada ka sa kuɗinka, na ƙasashen sanyi ne.

Dabarata ita ce ƙaramar fanka mai caji, in buɗe murfin akwatin in saita ta tana busa saman ruwan. Iskar garin nan busasshiya ce kafin ruwa ya sauka, don haka tururin da ke tashi yana sauke zafin da digiri biyu ko uku. Sai dai ruwan na raguwa da sauri, kullum sai na ƙara. Kuma ka sa raga a sama, moli suna tsalle. Ranar da abin ya yi tsanani nakan jefa robar ruwa mai ƙanƙara a rufe, ƙarama, ba in zuba ƙanƙarar kai tsaye ba. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, tsirrai kuma da dare su ma shaƙa suke yi maimakon su bayar, to idan aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya, da asuba za ka ga kifi a sama suna haki. Akwai ɗan injin iska mai aiki da fawa-bank, ni shi ya cece ni.

Akwai wanda Malam bai ambata ba kuma ni na fi ƙaunarsa, Cryptocoryne wendtii, ɗan Siri Lanka, ganyensa kore ne mai ratsin ruwan ƙasa, gefensa a ɗan tattare kamar an yi masa shirin. Shi kam ana dasa shi a ƙasa, saiwa a ciki, wuyan a waje, kuma ta saiwa yake ci, don haka tsakuwa zalla ba ta isarsa sai an tura masa ƙwayar taki ta akwatin kifi a gindinsa. Kada a yi gangancin zuba takin zamani na gona, kifin za su tafi. Halinsa ɗaya ne mai ban haushi: ka kawo shi sabon wuri, cikin sati ganyen duk ya narke kamar an zuba masa ruwan zafi. Na farko da na saya tumɓuke shi na yi na zubar ina ta faɗa, ashe saiwar lafiyarta ƙalau. Na biyun na bar shi don takaici ya hana ni taɓawa, bayan sati uku sai ga jariran ganye. Yau ya cika kusurwa guda. Ka dasa shi sau ɗaya, ka manta da shi, ba ya son a yi ta ciccira shi.

Java fern kuma, idan ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jere a bayan ganyen, ba cuta ba ce, irinsa ne. Wani lokaci har 'ya'ya yake fitarwa a bakin tsohon ganye, da saiwarsu, ka ɓalle ka ɗaura a wani wuri. Ni na taɓa aske nawa tas da almakashi a kan wannan, maigida yana ta yi mini dariya daga baya.

Ruwa: idan na famfo ne ka tara a bokiti a buɗe ya kwana ya wuni saboda kulorin. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu duk sati, ba duka ba, kuma ban da sabulu a wanki. Sannan tunda kifinka gupi da moli ne ka huta. Da jan kifin nan golfish ne, ko 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da yara ke kawowa, da ban ba ka shawarar Cryptocoryne ba, tonewa suke yi su cinye. Irin su Anubias ne ke gagararsu saboda taurin ganye.

Yayan Marasa Lafiya, Dorayi

Ni a kan maganar Ɗan Kurna zan tsaya. Ɗan'uwa na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah kada a aiki yaro kududdufi. A asibiti nake aiki, muna ganin yara masu fitsarin jini. Tsargiya ta jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance take fitowa, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, kuma waɗannan dodon koɗin a saiwar kainuwa suke maƙalewa su da ƙwansu. Ga kwatar unguwa da ke malala ciki. Akwatin da yarinya 'yar shekara biyar za ta riƙa tsoma hannu ba wurin wannan ba ne. Ko ta fuskar kifin ma, tsutsar mazari na biyo saiwar, tana cinye jariran gupi ɗaya bayan ɗaya.

Bayan haka kainuwa 'yar rana ce. A ɗaki mai duhu ƙanƙancewa take yi ta ruɓe, kafin nan kuma ta tare wa na ƙasa ɗan hasken da suke samu.

Ɗan Kurna

To likita, na janye bokitina. Amma dai na roba har yanzu bai kashe kowa ba.

Malam Mai Alli, Rijiyar Zaki

Hajiya ta yi gaskiya a kan zafi, na bar wannan a baya. Ƙari ɗaya tunda an taɓo na gida: badon nan namu da yara ke cin 'ya'yansa, danginsa ne ake sayarwa a shagunan kifi na Turai da sunan tiger lotus, mai jan ganye da ɗige-ɗige. Yana da kyau ƙwarai, amma ya fi ƙarfin akwatin ƙafa biyu da fitilar caji, ganye zai yi ta aikawa sama ya rufe ko'ina. Baban Ilham, idan kana bi ta Kabuga ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ina da 'ya'yan Java fern da suka yi mini yawa.

Baban Ilham, Gwale

Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana ashirin da shida. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Na yi wa guntun aski da reza kamar yadda Malam ya ce. Abin da ya rage bai kai tsawon ɗan yatsana ƙarami ba. Tsingaro kuwa ban sha wahala ba, akwai tsohon tulun mahaifiyata da ya fashe tun bara yana jingine a bayan ɗaki, ta ce in ɗauka amma ta kasa gane me kifi zai yi da tulu. Na ɗaure da baƙin zare, zagaye uku. Na je na karɓo Java fern wurin Malam, ya haɗa mini da jelar kyanwar nan cikin leda, ya ƙi karɓar ko kwabo, sai da na matsa ya yarda zan ɗinka wa ɗansa riga. Kwana uku na ajiye su a wani bokiti daban ina dubawa kafin in saka.

Jelar kyanwar ta zubar da allurai a satin farko, na yi ta kwashewa da matatar shayi, yanzu ta ninka biyu har na rage. Ruwan ya washe, daga bakin ƙofa kana ƙirga kifi. Jariran gupi sun samu maɓoya a cikinta, na ƙirga tara. Fitila daga la'asar zuwa goma, Ilham ce mai kashewa, kuma ba ta yarda a wuce ko da minti biyar. Fanka na saya, Hajiya, ma'aunin zafi ne ban samu ba tukuna. Cryptocoryne na bar shi sai an yi ruwa.

Shekaranjiya da safe Ilham ta zo ta ja ni da hannu tun ban gama karin kumallo ba. A ƙarshen guntun Anubias ɗin akwai wani abu ɗan siriri, kore mai haske, a naɗe kamar an murza takarda. Yau ya fara buɗewa, bai kai farcen babban yatsa ba. Saiwa biyu farare kuma sun kwanta a jikin tulun.

Tambaya ta ƙarshe, Malam: akwai wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa da ke kwanciya a kan tsofaffin ganyen biyu, idan na shafa da yatsa tana fita. In rage awannin fitilar ne, ko in ci gaba da gogewa?